Kwana ɗaya a bakin dam ɗin Kangimi da hawan dutse: a je ko a haƙura?

Abban Nana (Malali):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, yau na ce bari in fito da shi ku taya ni dubawa. Ina so mu haɗa 'yar tafiya, mu kamar goma ko sha biyu, mu je bakin dam ɗin Kangimi mu kafa tanti a gindin itatuwa, mu kwana ɗaya, mu ga fitowar rana a kan ruwa, washegari kuma mu nemi dutse mu hau.

Yarona ne ya jawo maganar. Shekararsa 11. Ranar Asabar ya kawo min waya yana nuna min wasu Turawa da suka kwana a bakin tafki, ga duwatsu a bayansu, ya ce, "Abba, mu me ya sa ba mu da irin wannan?" Na ce muna da shi mana. Ya ce a ina? Wallahi sai na ji nauyi. A Kaduna aka haife shi, amma iyakar dajin da ya sani shi ne lambun Gamji. Man kaɗe ya sani a kwalba, bai taɓa ganin kaɗanya a tsaye ba. Ni kuwa ina kamar shekarunsa mun sha kwana a gona lokacin girbi, mun san kukan fakara da asuba. Ba na so ya girma yana ganin ƙasarsa ba ta da abin kallo. Wanda ya san wajen, ko yake da shawara, bismillah.

Maman Ilham (Unguwar Rimi):
Wa alaikumus salam. Abban Nana, kwana a daji? A jihar Kaduna? Don Allah ka sake tunani. Ba mu manta da ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka ba, Maris ɗin 2021, nan kusa da filin jirgi aka shiga aka kwashe su. Ba mu manta da jirgin ƙasan Abuja ba a Maris ɗin 2022. Ga yaran Kuriga a 2024. Waɗannan fa suna cikin gini ne, wasu cikin jirgi, ba a tanti ba. Ni uwa ce, ina karanta saƙonka gabana yana faɗuwa. Ka kai yaron Gamji, ka kai shi Jos ya kwana a otal ya ga duwatsu da rana tsaka, amma kada ka kwantar da shi a bakin ruwa cikin dare.

Sadiq Rigachikun:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, amma ba ko'ina ne ya zama ɗaya ba. Ni ina zuwa Kangimi sayen kifi. Daga Maraban Jos ka kama hanyar Pambeguwa, ba wata tafiya ba ce mai nisa. Akwai ƙauyuka kewaye da ruwan, akwai masunta, akwai masu noman rani, ga filin folo na Fifth Chukker a yankin, manyan mutane na zuwa.

Maman Ilham (Unguwar Rimi):
Manyan mutane da masu gadinsu suke zuwa, Sadiq. Kai da wa za ka je?

Baba Ɗanladi (Kawo):
Sannunku 'ya'yana. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓo inda na ƙarar da ƙuruciyata, don aikin gandun daji na yi har na yi ritaya.

Hajiya ba ta yi kuskure ba. Tsoro na daji, kunya na gida. Amma kalmar "daji" tana ruɗar mutanen birni, suna ɗauka duk inda ba kwalta abu ɗaya ne. Akwai dajin da ba kowa cikinsa, kamar Kamuku ta Birnin Gwari. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, tun 1999 yake gandun daji na ƙasa. Na san Dogon Ruwa, na san Goron Dutse, na ga sawun giwa da idona a can. In da za a tambaye ni inda ya fi ko'ina dacewa da abin da Abban Nana ke so, can zan ce. Amma yau ko kyauta aka ce in kai ku ba zan kai ku ba. An ce an yi sulhu, har an buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari a ƙarshen 2024, mun gode Allah, amma kasuwa da rana daban, kwana a tsakiyar kurmi daban. Wannan abu yana ƙona min rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Sannan akwai dajin da yake bayan gari, wanda mutane ke kiwo a ciki, mata ke tsintar ƙwaran kaɗe, masunta ke kwana a gefensa. Kangimi irin wannan ce. Dam ne da aka gina a shekarun 1970 don a tare ruwa a riƙa sako wa kogin Kaduna idan rani ya yi tsanani, ruwan da kuke sha a Malali yana da alaƙa da shi. A irin wannan wuri tsaronka ba tanti ba ne, ba adda ba ce, mutanen wurin ne. Da ɗan gari akan ci gari. In kun je kun gaida mai gari, kun gaida sarkin ruwa, kun faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, su za su ce muku "ku kwana nan" ko "wannan watan kada ku kwana". Kuma in suka ce kada ku kwana, ku naɗe tabarmarku ku dawo gida ba gardama. Su suke jin motsin da ku ba za ku ji ba.

Abin da ba na so shi ne a cika mota a dira a bakin ruwa da magariba kamar an faɗo daga sama. Wannan ko a zamanin zaman lafiya rashin ladabi ne.

Abban Nana (Malali):
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ita ce irin maganar da nake nema. To wane lokaci ya fi?

Baba Ɗanladi (Kawo):
Ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ruwan sama ya ɗauke, dam a cike yake, hazo bai yi kauri ba tukuna. In kuka bari sai Janairu, za ku hau dutse ku ga fari fat kamar an shimfiɗa alawayyo, ba za ku hango komai ba. In kuma kuka je da damina, dutse santsi, ga tsawa, kuma wanda yake kan dutse shi ne mafi tsawo a wurin. Illar Nuwamba ɗaya ce, ciyawa ta bushe amma ba a gama ƙona ta ba. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye dawar wani da ke tare a gona. Ku share fili kamar taku biyar kewaye da murhu, ku jera duwatsu, ku ajiye bokitin ruwa a gefe. Kuma kada wanda ya sari ɗanyen itace. Masu gawayi sun riga sun gama da kirya da marke a wurare da yawa, kada mu ƙara. Busassun rassa sun ishe ku.

Yaron kuma ka nuna masa doka. Ita ce itaciyar ƙasarmu, daga nan har Birnin Gwari. In hunturu ya yi nisa za ka ga sabon ganyenta ya fito ja yana sheƙi kafin ya koma kore. Ka nuna masa maje, ɗorawa, kaɗanya mai bawo kamar bayan kada. Wanda ya san sunan itace ba ya saurin sa mata gatari.

Sista Hauwa (Badarawa):
Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Abu na farko, kada kowa ya shiga ruwan, ko da wasa, ko da iya gwiwa. Ruwan dam da ba ya gudu gidan tsargiya ne. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Akwai maganinta, praziquantel, amma me ya kai mu? Ruwan sha da na alwala ku ɗauko daga gida a jarka. In ya ƙare, ku tafasa na can sosai.

Na biyu, sauro. Bakin ruwa ba ya rabo da shi ko da hunturu. Tanti mai raga ko gidan sauro dole ne.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, don duk hunturu sai mun ji labarinsa: mutum ya ji sanyi ya shigar da gawayi cikin ɗaki ya rufe. A tanti ma haka yake. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, barci kawai mutum zai ji, shi ke nan. Bargo biyu ya fi kasko ɗaya. Ku je Kasuwar Bacci ku sayi rigunan sanyi na gwanjo.

Sadiq Rigachikun:
Sista, maciji fa? Ni shi ne abin da nake shakka. Tsoffinmu cewa suke a ɗaure sama da wurin da tsumma a tsaga da reza.

Sista Hauwa (Badarawa):
Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. Ɗaurin nan ya jawo an yanke ƙafafu da yawa. A kwantar da mutum, a cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi kamar yadda ake yi wa karaya, a sa shi a mota a nufi asibiti. Shi ya sa dole mota ɗaya ta kwana da mai a ciki, hancinta yana kallon hanya, makulli a hannun wanda kowa ya sani. Kububuwa ita ce matsalar yankinmu. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum zai ga kamar ya warke, sai daga baya dasashi ya fara zubar da jini. Ba banza ake ce mata gobe da nisa ba. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take a kan turba, taka ta ake yi. Don haka ba silifas, takalmi rufaffe, kuma duk mai fita da dare ya riƙe tocila. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, saboda kunama. Kafin ku tafi ku bincika wane asibiti ne yake da allurar dafin maciji a ajiye, don ba kowanne ba ne.

Ummi K/Mashi:
Ni fa tambayata daban ce, kada a yi min dariya. Kakata ta ce ba a kwana a bakin ruwa ko gindin tsamiya ko kan dutse, wai wuraren mutanen ɓoye ne. Malam Auwal, me addini ya ce?

Malam Auwal (Tudun Wada):
Ba abin dariya ba ne Malama Ummi. Aljanu gaskiya ne, amma ba a hana mu ƙasar Allah saboda su ba. Alƙur'ani ma umarni ya yi a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da sahabbansa sun sha sauka a sahara su kwana. Ya koyar da cewa duk wanda ya sauka a wani masauki ya ce "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", babu abin da zai cutar da shi har ya tashi daga wurin. Ya kuma hana matafiya kwana a kan hanya da dare, domin nan ne dabbobi da miyagun ƙwari ke bi, kuma ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta. Kun ga maganar Sista da ta Baba ke nan tun tuni. Amma addu'a ba ta ɗauke wa mutum bincike, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Kafin wani ya tambaya: Kangimi ba ta kai nisan ƙasaru ba. A mazhabarmu mil 48 ne, wajen kilomita 80. Sallarku cikakkiya za ku yi.

Ɗan Zazzau:
To mu zo maganar dutse, don na ga an bar ta a baya. Abban Nana, Kufena za ku hau, ba sai an yi dogon tunani ba. Daga Kaduna zuwa Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka, hanya ɗoɗar. Dutsen yana bayan Wusasa, gari na kewaye da shi, ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello na hawa kullum. In ka kai sama za ka hango Wusasa a ƙasanka da tsohuwar cocinta ta ƙasa da aka gina a 1929, ka hango birni, ka hango Samaru. A gindinsa kuma akwai ragowar tsohuwar ganuwa. Yaron zai ga dutse, zai ga tarihi.

Sadiq Rigachikun:
Me ya sa sai an je Zariya? Turunku fa? Ƙaramar hukuma ɗaya suke da Kangimi, duk Igabi ce, kuma Turunku ce ma hedikwata. Can Bakwa Turunku, mai sarautar Zazzau, ya zauna kafin a koma wajen Kufena.

Ɗan Zazzau:
"Ya zauna" ko "ta zauna"? Har yau masana ba su daidaita ba kan Bakwa namiji ne ko mace. Abin da aka fi yarda da shi shi ne zamanin ƙarni na 16 ne, kuma daga gidan ne Sarauniya Amina ta fito. Ban ƙi Turunku ba, duwatsunta na da kyau, amma Kufena ta fi sauƙi ga wanda zai je da yara, kuma in wani ya gurɗe ƙafa asibiti na kusa.

Jamilu Barnawa:
Ba wanda ya ambaci Kajuru. Gidan nan da wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980, kamar fadar sarakunan Turai na da. Hotonsa kaɗai ya isa yaron ya yi shiru.

Abban Nana (Malali):
Jamilu, na san shi, yana da kyau. Amma sai an yi bukin, ga kuɗi, ga shi ba tafki. Kuma gaskiya ba gidan Bature nake so in nuna wa yaron ba. Shi ne fa ya ce Turawa suna da shi mu ba mu da shi.

Yohanna (Sabon Tasha):
Sannunku 'yan'uwa. Na daɗe ina karantawa. Ni ɗan Kagoro ne, kuma ina jin ciwo duk lokacin da aka yi maganar duwatsun jihar nan aka tsaya a Zariya. Ba raini ba ne ga Kufena, amma dutse guda ne a tsakiyar fili. Kagoro kuwa jerin tsaunuka ne, gefen tudun Jos ne da ya gangaro mana, tsayinsa ya haura mita 1,200 daga teku. Saboda iskar damina tana dukan tsaunin, ruwan sama ya fi yawa a wajenmu, shi ya sa akwai kurmi na gaske a gindinsa, irin mai duhu da rana, masu nazarin tsuntsaye har daga ƙasashen waje suna zuwa dajin Nindam. Kakanninmu a saman dutsen suka zauna, kuma har yanzu akwai masu zama a can. Hawan yana cin awanni, ba wasan yara ba ne, amma in ka kai ka juyo ka ga Kafanchan a shimfiɗe, gajiyar za ta tafi. Kusa kuma ga Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, har akwai wani lungu da za ka tsaya a bayan ruwan yana zuba a gabanka. Ranar 1 ga Janairu muke bikin Afan, garin cika yake.

Abin da nake so in faɗa shi ne, da yawanku a zauren nan ba ku taɓa wuce Kachia ba, kamar yadda yaranmu da yawa ba su taɓa shiga birnin Zariya ba. Kogi ne kawai ya raba garin nan na Kaduna, ga gada a kansa, amma ya zama kamar iyakar ƙasa. In kun yarda ku zo, gidan mahaifina a buɗe yake, akwai masallaci a gari, kuma ni da kaina zan hau da ku.

Malam Auwal (Tudun Wada):
Malam Yohanna, mun gode da wannan karamci, Allah ya bar zumunci. Kagoro kam ta kai nisan ƙasaru har ta wuce.

Maman Ilham (Unguwar Rimi):
Yohanna, na ji daɗin maganarka har raina. Amma ka faɗa musu gaskiyar hanyar: Kujama, Kasuwan Magani, Kufana, Idon, kafin a kai Kachia. Kai ka san abin da aka sha gani a wannan hanya.

Yohanna (Sabon Tasha):
Na sani Hajiya, ba zan ɓoye ba. Mu da muke binta ba ma tashi sai rana ta fito, ba ma bari la'asar ta same mu a tsakani, kuma kafin mu tashi sai mun tambayi direbobin tasha yadda aka kwana. Ban ce a zo gobe ba. Na ce kada a cire mu daga lissafi.

Kawu Isa (tsohon soja, Mando):
Akwai abin da ba wanda ya faɗa, kuma shi ya fi komai muhimmanci. Kuna tunanin ɓarayin daji kawai. Ku tuna Tudun Biri, Disamban 2023, a cikin Igabin nan. Mutane suna taron Mauludi da dare jirgi marar matuƙi ya sakar musu bam bisa kuskure, aka rasa rayuka sama da 80. Allah ya jiƙansu. Wanda yake kallo daga sama, mutum goma sha biyu a bakin daji da wuta da motoci, bai san ku masu shan iska ba ne. Haka 'yan sintirin ƙauye, in suka ga haske inda ba su saba gani ba. Saboda haka bayan mai gari, ku je ofishin 'yan sandan yankin da takarda a rubuce: sunayenku, lambobin motoci, ranar zuwa, ranar tafiya, daidai inda za ku kwana. Ku roƙa a sanar da sojojin da ke aiki a wajen. Ku ɗauki mutum biyu daga 'yan sintirin garin su kwana tare da ku, ku biya su haƙƙinsu da mutunci. Kada ku kafa tanti inda ba a hango fitilar gari. Kada wanda ya sa hoto ko ya faɗi rana a Facebook sai kun dawo. Ko a zauren nan, ranar tafiya kada a rubuta ta, a kira juna a waya.

In aka ce muku a'a a ɗaya daga cikin wuraren nan, magana ta ƙare.

Abban Nana (Malali):
Kawu, jikina ya yi sanyi da wannan tunatarwa, ban kawo ta a raina ba sam. Ga abin da na gani. Ni da Sadiq da Baba, in zai iya, mu je da rana tukuna mu gaisa da mutanen wurin mu ji ta bakinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba Ɗanladi (Kawo):
Zan iya, in dai za a zo a ɗauke ni. A sayi goro da sukari a riƙe.

Abban Nana (Malali):
Salam jama'a, mun je mun dawo lafiya. Bari in ba ku labari yadda yake.

Mun isa da hantsi. Mai garin dattijo ne, ya karɓe mu a zaure, Baba ya yi bayani. Da farko bai gane abin da muke nufi ba, ya ɗauka fili muke nema mu saya. Da ya fahimci kwana kawai muke so mu yi mu kalli ruwa, sai ya yi shiru, sannan ya ce shi tun da yake ba wanda ya taɓa zuwa daga Kaduna ya nemi izininsa don wannan, masu zuwa sai dai su zo su ci su sha su bar musu leda da robobi. Wannan magana ta tsaya min. Ya ce yanzu lafiya lau suke kwana, amma bai yarda mu je can ƙarshen ruwa inda itatuwa suka fi duhu ba, inda ni kuma raina ya fi so. Ya nuna mana wani tudu kusa da inda masunta ke ɗaure kwalekwale, akwai ɗorawa biyu da wata babbar maje, ana hango rufin gari daga nan. Ya ce mu sake kiran sa kwana biyu kafin mu zo, in wani abu ya canza zai faɗa mana.

Ruwan kuwa, jama'a, ban san yadda zan kwatanta ba. Faɗi ne har ido ya gaji, shiru, sai ƙarar filafili in masunci ya wuce. Balbelu sun yi fari a kan wani busasshen itace da ke tsaye cikin ruwa, ga zalɓe ya ƙame a gefe. Wani garken kirinjijiya ya tashi a kanmu suna fito. Baba ya tsaya ya daɗe bai ce komai ba. Sarkin ruwa ya gasa mana karfasa a wurin, gishiri da yaji kawai. Shi ma ya maimaita maganar Sista ta wata fuska, ya ce ko gwanin iyo kada ya shiga, akwai tsoffin raga da kututture a ƙasa masu riƙe ƙafa. Ya ce in muna son shiga kwalekwale sai da safe kafin iska ta tashi, mutum uku-uku, kuma mu zo da rigar ruwa mai hana nutsewa don su ba su da ita.

Mun biya ofishin 'yan sanda, sun ce mu kawo takardar kamar yadda Kawu ya faɗa. Sabis ɗin waya yana kamawa a kan tudun, a bakin ruwa yana yankewa.

Shawarar da muka yanke a mota: karon farko manya kaɗai za su kwana, ba yara. Washegari mu dawo Maraban Jos, a kawo yaran nan mu haɗu, mu wuce Kufena tare mu hau kafin rana ta yi zafi. Kagoro kuma mu sa ta a gaba, tafiya ce ta kanta, kwana biyu, a hannun Yohanna.

Ummi K/Mashi:
Mata fa? Ko mu kullum sai dai a nuna mana hoto?

Sista Hauwa (Badarawa):
Ni da maigidana za mu je, da akwatin magani. In mata sun kai uku a yi mana tantinmu daban, a kewaye wani wuri da zana ko tampol don lalura, a haƙa rami nesa da ruwa a riƙa rufewa da ƙasa. Ruwan nan mutane ke sha. Ummi, ki nemi izini a gida ki zo da yayanki.

Baba Ɗanladi (Kawo):
A zaɓi daren da wata bai cika ba. Farin wata yana da daɗi, amma yana dushe taurari, ni kuma ina so ku ga Kaza da 'Ya'yanta yadda muke ganinta muna yara, ba ta cikin hasken janareta ba. Kowa kuma ya zo da buhu. Za mu kwashe sharar da muka tarar, ba tamu kaɗai ba, don mai garin nan ya ga bambanci.

Maman Ilham (Unguwar Rimi):
Na karanta duka. Har yanzu raina bai kwanta da kwanan ba, kuma ba zan ɓoye ba, daren nan ba zan yi barci ba sai na ji kun wayi gari. Amma Kufena da rana na yarda. Ilham da ƙaninta za su zo, ni zan kawo su Maraban Jos da kaina, kuma zan hau iya inda gwiwata ta kai. Abban Nana, ka ba ni lambar mai garin nan ta waya, ni ma ina so in ji muryarsa.

Abban Nana (Malali):
Zan turo miki yanzu Hajiya. Tanti uku muke da su, saura ɗaya. Jamilu, ka leƙa Panteka ka tambayo kuɗin murhun ƙarfe mai ƙafa, kada mu hura wuta a ƙasa. Sadiq, rigar ruwa guda uku da jarka huɗu suna wuyanka. Yohanna, kana cikin masu kwana ko Kufena kawai?

Yohanna (Sabon Tasha):
Ina cikin masu kwana. Ina da tanti na mutum huɗu, zan kuma kawo citta daga gida a yi shayi.